Tarihi: Rafa'el, marayan Urbino da ya shafe rayuwarsa yana zana uwa ɗauke da ɗanta

A gidan adana zane-zanen tsoffin gwanaye da ke birnin Dresden na ƙasar Jamus akwai wani hoto mai tsayin sama da mita biyu da rabi, wanda ya haura shekara 500 da zanawa. A cikinsa an yaye koren labule gida biyu, sai ga wata matashiyar uwa, ƙafarta ba takalmi, tana takowa bisa gajimare da ɗa namiji a hannu. Iska ta kumbura mayafinta, ta kuma hargitsa gashin yaron. Duk wanda ya tsaya ya dubi fuskokinsu zai ga babu mai murmushi a cikinsu. Uwar ta zuba ido gaba kamar wadda ta hango abin da ba ta da ikon kauce masa, yaron kuwa idanunsa a buɗe suke da irin firgicin da ba a saba gani a fuskar jariri ba.

Sunan hoton Madonna Sistina, wanda ya zana shi kuma Raffaello Sanzio ne, mutumin da duniya ta fi sani da Rafa'el. Shekara 37 kacal ya yi a duniya, amma tare da Leonardo da Vinci da Michelangelo ake lissafa shi idan ana maganar manyan gwanayen zamanin farfaɗowar ilimi da fasaha a Turai.

Madonna kalma ce ta Italiyanci da ke nufin uwargijiyata. Da ita mabiya ɗarikar Katolika ke girmama Maryamu mahaifiyar Yesu Almasihu, wato Nana Maryam mahaifiyar Annabi Isa (AS), wadda sura ta 19 a Alƙur'ani ke ɗauke da sunanta. A wajen mafi yawan Musulmi ba a suranta annabawa da iyalansu, kuma akwai ɗarikun Kirista da su ma ba sa ajiye hoto a wurin ibada. Italiyar wancan zamani kuwa ta ɗauki hoto a matsayin littafin wanda bai iya karatu ba. Ana kafa babba a bayan bagadin majami'a, ana rataye ƙarami a ɗakin kwana domin addu'a, ana kuma bai wa ango da amarya a matsayin gudummawar aure. Sana'a ce mai ciniki da takardar yarjejeniya. Shuɗin fentin da aka fi so a yi wa mayafin Maryamu daga dutsen lazuli ake niƙo shi, wanda ake haƙowa a tsaunukan Badakhshan na Afganistan, fatake su kai shi Venice, kuma saboda tsadarsa a kan rubuta ingancin wanda za a yi amfani da shi a cikin yarjejeniyar. A cikin wannan sana'a aka haifi Rafa'el.

Ƙuruciya a Urbino

An haife shi a shekarar 1483 a Urbino, wani ƙaramin gari da ke bisa tsauni a tsakiyar Italiya. Garin ƙarami ne, fadarsa kuwa ta yi suna. Sarkinsa Federico da Montefeltro, wanda ya rasu shekara guda kafin haihuwar Rafa'el, kwamandan sojan haya ne da ya zuba dukiyar da ya samu a fagen yaƙi wajen gina fada da tara littattafan rubutun hannu. Mahaifin Rafa'el, Giovanni Santi, shi ne mai zanen fadar, kuma marubuci ne da ya tsara tarihin sarkin cikin doguwar waƙa. Saboda haka yaron ya buɗe ido ya ga ana niƙa fenti a gidansu, ya kuma koyi ladabin zama da manya tun bai san amfaninsa ba. Wannan ladabi ya yi masa rana daga baya fiye da yadda ake zato.

A 1491, yana ɗan shekara 8, mahaifiyarsa Magia ta rasu. Mahaifin ya sake aure, shi ma ya bi ta a watan Agustan 1494. Yaro ɗan shekara 11 ya koma hannun baffansa Bartolomeo, wani limamin coci, wanda ya shiga shari'ar gado da matar uban. A gidan da aka haife shi, wanda yanzu masu yawon buɗe ido ke ziyarta, akwai wani ƙaramin zane a jikin bango na wata uwa tana karatu, jaririnta na barci a ƙirjinta. Masana sun rabu a kan wanda ya zana shi, wasu na cewa uban ne, wasu na cewa ɗan ne tun yana saurayi. Mutanen garin sun daɗe suna ganin fuskar Magia ce a wurin. Babu dalilin a ɗora dukkan aikin mutum a kan maraicinsa, domin hoton uwa da ɗa shi ne abin da masu saye suka fi nema a wajen kowane mai zane a lokacin. Duk da haka yana da wuya a manta cewa mutumin da ya fi kowa iya zana yadda yaro ke lafewa a jikin uwarsa ya rasa tasa uwar kafin ya mallaki hankalinsa.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Rafa'el ya goge a wajen Pietro Perugino, shahararren mai zanen yankin Perugia, ya kwaikwayi hannunsa har Giorgio Vasari, wanda ya wallafa tarihin masu zanen Italiya a 1550, ya nuna cewa da ƙyar ake bambanta aikin malamin da na almajirin. A watan Disambar 1500, yana ɗan shekara 17, aka rubuta sunansa da laƙabin ƙwararre a yarjejeniyar zanen bagadi ta wata majami'a a garin Città di Castello. Girgizar ƙasa ta lalata wannan aiki a 1789, gutsattsarinsa kawai suka rage. A 1504 ya zana ɗaurin auren Maryamu, ya rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a goshin ginin da ke tsakiyar hoton. Perugino ya yi irin wannan zane a daidai lokacin, kuma idan aka jera su biyun za a ga almajiri ya riga ya wuce malaminsa wajen tsara fili da jera mutane.

Shekaru huɗu a Florence

Wani da ya samu irin wannan karɓuwa da ya zauna a gida yana cin ribarta. Rafa'el ya nufi Florence a 1504, shekarar da aka kafa gunkin Dauda na Michelangelo a dandalin birnin, Leonardo kuma yana can yana aiki. A nan gwanin Perugia ya koma ɗan koyo. Takardun zanensa da suka rage sun nuna shi yana kwafar gunkin Dauda ta baya, yana gwada yadda Leonardo ke murɗa jikin mutum da yadda yake narkar da haske cikin inuwa. Baiwarsa ta musamman ita ce ya ga abu a hannun wani, ya ɗauka, ya tace shi, ya fito da shi cikin natsuwar da mai abin bai ba shi ba.

Manyan ayyukan gwamnati ba su zo hannunsa a Florence ba, sai na attajirai, su kuwa hoton uwa da ɗa suke so. Ya zana fiye da goma a cikin waɗannan shekaru. Kafinsa an fi zaunar da Maryamu a kan gadon sarauta, yaron a miƙe kamar ƙaramin dattijo, ko da yake wasu gwanayen Florence sun riga sun fara sassauta wannan tsari. Shi ya fitar da ita fili, ya zaunar da ita a kan dutse cikin ciyawa, da tsaunuka can nesa, ya bar yara suna wasa a gindin ƙafarta. Ya tsara jikunansu cikin siffar dala, kan uwar a sama, yaran a ƙasa, ta yadda idon mai kallo zai huta.

Sai dai a cikin kowanne yakan saka alamar abin da ke tafe, bisa ga aƙidar Kirista cewa gicciye ne ƙarshen yaron. A hoton da ya yi wa abokinsa Lorenzo Nasi, wani ɗan kasuwa, domin bikin aurensa, ƙaramin Yahaya mai Baftisma yana miƙa wa Yesu wani ɗan tsuntsu mai jan tabo a fuska, wanda ke kiwo cikin ƙayoyi, kuma masu ibada na lokacin suna ganinsa su tuna rawanin ƙaya. Yaron yana shafa kan tsuntsun, ya ɗora ƙafarsa a kan ƙafar uwarsa. Wannan ɗora ƙafa ƙaramin abu ne, amma duk macen da ta yi goyo ta san shi. Hoton ya sha wuya: a 1547 zaftarewar ƙasa ta rusa gidan Nasi, allon ya farfashe gida 17, aka harhaɗa shi da ƙusoshi. Sai a 2008 aka kammala gyaran da ya ɗauki kusan shekara 10, yana nan a gidan tarihi na Uffizi.

A 1507 wata uwa ta gaske ta ba shi aiki. Atalanta Baglioni 'yar gidan da ke mulkin Perugia ce. Ɗanta Grifonetto ya shiga makircin da aka kashe danginsu da dare a lokacin wani bikin aure a 1500, ita kuma ta juya masa baya saboda abin da ya aikata. Da masu ramuwar gayya suka sare shi a kan titi, ta iso ta same shi yana fitar da rai. Shekaru bayan haka ta nemi Rafa'el ya zana mata ɗaukar gawar Yesu zuwa kabari, domin a kafa a ɗakin ibadar zuriyarsu. A gefen hoton Maryamu ta suma, mata na tallabe ta. A nan ya zana ƙarshen labarin da hotunansa na uwa da ɗa ke ishara da shi kawai. Hoton ya zauna a Perugia har 1608, lokacin da Kadinal Scipione Borghese ya sa aka ɗauke shi a asirce zuwa Rum, inda yake har yau.

A fadar Fafaroma

A ƙarshen 1508 Fafaroma Julius na II ya kira shi Rum. Ana ganin Donato Bramante, babban maginin Fafaroma wanda shi ma ɗan yankin Urbino ne, ya yi masa hanya. Julius mutum ne mai zafin rai da ya taɓa jagorantar sojoji da kansa. Ya ƙi zama a ɗakunan da abokin gabarsa Alexander na VI ya zauna, ya koma bene na sama, ya tara masu zane su ƙawata masa. Da ya ga hannun saurayin ɗan shekara 25, sai ya sallami sauran, ya damƙa masa aikin baki ɗaya. Cikin waɗanda suka yi aiki a wurin har da Perugino, kuma Rafa'el ya bar zanen da malaminsa ya yi a rufin ɗaya daga cikin ɗakunan bai taɓa shi ba.

A ɗaki na farko, tsakanin 1509 da 1511, ya zana hoton bango da ake kira Makarantar Athens, inda ya tara masana falsafar zamanin da a ƙarƙashin rufi ɗaya. Aflatun na nuna sama, Aristotle ya shimfiɗa tafinsa zuwa ƙasa. A ɓangaren hagu akwai wani mai rawani da ya sunkuyo yana leƙen littafin da ake rubutawa, wanda aka daɗe da ɗauka Ibn Rushd ne, alƙalin Kurɗuba da ya rasu a 1198, wanda ta hanyar sharhinsa jami'o'in Turai suka karanta Aristotle. Rafa'el ya saka tasa fuskar a can gefen dama, da baƙar hula, yana kallon mai kallo.

A daidai lokacin, 'yan taku kaɗan daga wurin, Michelangelo na kan katakai yana zana rufin ɗakin ibada na Sistine. Halinsu ya sha bamban. Michelangelo mai son kaɗaici ne da saurin zargi, Rafa'el kuwa mai fara'a ne da ke tafiya da ayarin almajirai. Bayan an buɗe rabin rufin a 1511, siffofin mutanen Rafa'el suka ƙara kauri da ƙarfi, abin da Michelangelo bai taɓa yafe masa ba. Fiye da shekara 20 bayan rasuwar Rafa'el, dattijon yana nan yana ƙorafi a wasiƙa cewa a wajensa yaron ya samu duk abin da ya sani. Akwai gaskiya a zargin, sai dai bai kai duka ba, domin babu inda Michelangelo ya zana irin tausayin da ke tsakanin uwa da jariri a hannun Rafa'el.

Hoton Piacenza

A 1512 sojojin Faransa suka janye daga arewacin Italiya, garin Piacenza ya shiga ƙarƙashin mulkin Fafaroma. Julius ya ba da umarnin a zana hoton bagadi domin majami'ar San Sisto ta 'yan zuhudun garin, wadda ke ɗauke da sunan Waliyyi Sixtus, Fafaroman da aka kashe saboda addininsa a shekarar 258. Daga sunansa hoton ya samu nasa. Zaɓin ya yi wa Julius daidai, domin baffansa ma Fafaroma ne mai suna Sixtus na IV. Rafa'el ya durƙusar da waliyyin a hagu, da gemu irin na Julius, da ganyen itacen da ke tambarin zuriyarsu a jikin alkyabbarsa, ya ajiye hular sarautarsa a ƙasa. A dama ya sa Waliyyiya Barbara, ta sunkuyar da kai. Julius ya rasu a watan Fabrairun 1513.

A nan ne Rafa'el ya bar duk abin da ya sa aka so shi a Florence. Babu ciyawa, babu tsauni, babu wurin zama. Abin da ake zaton gajimare ne a bayan Maryamu, idan aka matso sai a ga fuskokin mala'iku ne birjik sun narke cikin haske. Ita kuma tafiya take yi, ta nufo mai kallo, kuma yadda ta riƙe yaron ya fi kama da miƙawa fiye da runguma. Sixtus ya ɗaga kai yana dubanta, ya nuna waje da yatsa, wato wurin da jama'a ke tsaye. Masana da dama na ganin cewa a majami'ar, daura da hoton, an kafa babban gicciye kamar yadda aka saba a lokacin, kuma shi ne abin da uwa da ɗa suka hango. Idan haka ne, firgicin da ke fuskar yaron ya samu fassara, haka ma dakewar uwar, wadda ta ga inda hanyar ta nufa ba ta kuwa ja da baya ba.

Labulen ma abin lura ne. An rataye shi da zobba a jikin wani siririn ƙarfe da ya ɗan lanƙwasa saboda nauyi, irin wanda za a iya samu a kowane gida. Wannan abu na yau da kullum shi ke sa mai kallo ya ji kamar taga aka buɗe masa. A can ƙasa kuma ga wasu ƙananan mala'iku biyu masu fukafukai sun dogara da gwiwar hannu a kan katako, sun ɗaga ido sama kamar yaran da wa'azi ya yi wa tsawo. Tun farkon ƙarni na 19 aka fara yanke su daga hoton ana bugawa su kaɗai, yau suna jikin katunan gaisuwa da kofuna da riguna a faɗin duniya, kuma akasarin masu saye ba su san abin da ke saman kawunansu ba.

Ba da jimawa ba ya sake zana wata uwar a kan zagayayyen allo, tana zaune a kujera da gyale mai ratsi irin na matan gari, ta matse yaron a jikinta, kumatu na gogar kumatu. Kamar dai bayan ya zana wadda ta miƙa ɗanta, sai ya zana wadda ta ƙi saki. Wannan yana fadar Pitti a Florence.

Nauyin ɗaukaka

Sabon Fafaroma, Leo na X ɗan gidan Medici, ya ƙara masa kaya. Da Bramante ya rasu a 1514 aka naɗa shi mai kula da ginin sabuwar majami'ar Waliyyi Bitrus. A 1515 aka ba shi ikon duba duwatsun tarihi da ake tonowa a Rum, kuma a wata doguwar wasiƙa da ya tsara tare da abokinsa Baldassare Castiglione ya koka wa Fafaroma kan yadda ake ƙona marmarar tsoffin gine-gine domin a samu farar ƙasa. Ya zana manyan samfura 10 na dardumomin bango da aka saƙa a Brussels, bakwai daga cikin samfuran suna Landan yanzu. Ga gidan attajiri Agostino Chigi, ga hotunan manyan mutane, ga Marcantonio Raimondi da ke sassaƙa zanensa a kan tagulla ana bugawa ana sayarwa har ƙetare.

Mutum ɗaya ba zai iya wannan ba. Vasari ya ƙiyasta almajiransa da mataimakansa sun kai 50, Giulio Romano da Gianfrancesco Penni na kan gaba. Shi yakan tsara, su su shafa fenti. Masu hamayya da shi suka samu abin faɗa, kuma duk mai adalci zai yarda cewa wasu bangayen da aka gama a waɗannan shekaru ba su kai na farko ba. Kuɗin ginin majami'ar da yake jagoranta kuwa, wani ɓangarensa daga sayar da takardun sassaucin horon zunubi ake tara shi, abin da ya harzuƙa Martin Luther a Jamus a 1517. Cikin 'yan shekaru aka fara fitar da hotuna daga majami'u a wasu garuruwan arewacin Turai.

Bai yi aure ba. A wasiƙar da ya aika wa kawunsa Simone Ciarla a 1514 ya ba shi labarin dukiyar da ya tara, da cewa Kadinal Bibbiena na son ba shi wata 'yar'uwarsa. An yi baiko da Maria Bibbiena, ya yi ta jan ƙafa har ta rasu ba a ɗaura ba. Zuciyarsa na wajen wata mace da ake yi wa laƙabi da 'yar mai gashin burodi, wadda ake ganin ita ce a wasu hotunansa.

Aikinsa na ƙarshe gasa ce. Kadinal Giulio de' Medici ya ba shi zanen bagadi guda, ya ba Sebastiano del Piombo wani, Michelangelo kuma yana taimaka wa Sebastiano da samfura. Rafa'el ya ɗauki burushi da hannunsa ya zana sāke kamannin Yesu a kan dutse, a ƙasa kuma ga wani uba ya kawo ɗansa mai farfaɗiya an rasa mai warkar da shi. Yana dab da kammalawa zazzaɓi ya kama shi. Ya yi kusan mako biyu yana jinya, likitoci suka yi ta zubar masa da jini bisa ilimin lokacin. Ya raba dukiyarsa, ya bar wa masoyiyarsa abin rayuwa, ya bar wa almajiransa ɗakin aiki. Ya rasu ranar 6 ga Afrilu, 1520, wadda ta zo daidai da Juma'ar da Kiristoci ke tunawa da gicciye Yesu. Aka shimfiɗe gawarsa, aka jingina hoton a wajen kansa, mutanen Rum suka yi ta shigowa.

Shi ya zaɓi kabarinsa a Pantheon, tsohon ginin Rumawa da aka mayar majami'a da sunan Maryamu da shahidai, ya kuma bar kuɗin da aka sassaƙa gunkin uwa da ɗa a samansa. Shekara 7 bayan haka sojojin haya suka wawashe Rum, wani daga cikinsu ya karce sunan Luther a jikin zanen da Rafa'el ya yi a ɗakin Julius, almajiransa da suka rage a birnin suka watse.

Tafiyar hoton

Madonna Sistina ta yi kusan shekara 240 a Piacenza, ba kasafai baƙi ke zuwa ganinta ba. A 1754, bayan dogon ciniki, 'yan zuhudun da ke fama da bashi suka sayar da ita ga Augustus na III, mai mulkin Saxony kuma sarkin Poland, a kan sukudi 25,000 na kuɗin Rum, farashin da ya girgiza masu sayen zane na lokacin. Aka ƙetara da ita tsaunukan Alps cikin hunturu zuwa Dresden, a yankin da aƙidar Luther ta fi kafuwa, ko da yake shi sarkin ɗan Katolika ne. Hoton da aka yi domin a durƙusa a gabansa ya koma abin da ake tsayawa a kalla. Marubuta da masana falsafar Jamus suka yi ta rubutu a kansa. Marubucin Rasha Fyodor Dostoyevsky, wanda ya zauna a Dresden, ya riƙa komawa gabansa, kuma kwafinsa na rataye a ɗakin da ya rasu a 1881.

A Yaƙin Duniya na Biyu an kwashe kayan gidan tarihin an ɓoye, don haka hoton ya tsira daga ruwan bama-baman da ya ƙone tsakiyar Dresden a watan Fabrairun 1945. A watan Mayu sojojin Tarayyar Sobiyet suka same shi a wani ramin jirgin ƙasa kusa da garin Pirna, suka tafi da shi Mosko, ya yi shekara 10 a ajiye a gidan tarihi na Pushkin. A 1955, da gwamnatin Sobiyet ta yanke shawarar mayar da shi Jamus ta Gabas, an buɗe shi ga jama'a na kimanin wata uku, mutum sama da miliyan ɗaya suka yi layi. Cikinsu har da Vasily Grossman, ɗan jaridar da ya bi sojoji a fagen daga, ya kuma kasance cikin na farko da suka ba da rahoton sansanin kisan Treblinka. 'Yan Nazi sun kashe mahaifiyarsa a 1941. Da ya fito ya rubuta muƙala yana cewa ya gane wannan fuska, ita ce ta matan da suka sauko daga jirgin ƙasa a sansanin, ɗauke da 'ya'yansu, suna takawa zuwa inda aka nuna musu.

A 1956 aka sake rataye hoton a Dresden. A majami'ar San Sisto ta Piacenza kuwa, a cikin ƙaton firam mai ruwan zinariya da ke bayan bagadi, kwafin da aka bar wa 'yan zuhudun ne ke rataye har yanzu.